Tabarmar Dutse: Littafin Aikinmu a Duwatsun Shere

Asabar, 18 ga Nuwamba, 2023

Yau muka fara. Mu huɗu ne: ni, da tsofaffin ɗalibaina biyu da suka gama sakandare suna jiran shiga jami'a, sai wani dattijo ɗan ƙabilar Afizere, waɗanda muka fi sani da Jarawa, wanda gonarsa ta acca take a gindin dutsen. Shi ne jagoranmu. Mun bar Jos bayan sallar asuba, kafin hantsi muna kan falalen dutse na farko.

Duwatsun Shere suna gabas da Jos, tafiyar kamar kilomita 10, kuma ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, ba inda ya fi ta tsawo a duk tudun Jos. Na daɗe ina koyar da ilimin halittu, ina yi wa yara bayanin daji da fadama da hamada, amma ban taɓa tsayawa na nuna musu abin da ke tsirowa a kan dutsen da suke hange ta tagar aji ba. Wannan ne ya dame ni har na ɗauri niyyar wannan aiki: shekara guda cur muna bibiyar ƙananan tsirran da ke manne a gangaren dutse, waɗanda mafi yawansu ba su wuce gwiwa ba.

Babbar cikinsu wata ciyawa ce da masana ke kira Afrotrilepis pilosa, dangin aya da kajiji. Tana shimfiɗuwa a kan tsuran dutse, inda babu ƙasa ko ta cika cokali, ta haɗu da 'yan uwanta su yi kauri kamar katifa. Mun sa mata suna tabarmar dutse. Yanzu ta fara bushewa, ganyen ya koma ruwan ƙasa.

Mun haɗa murabba'i da bututun roba irin na famfo, mita ɗaya kowane gefe. Mun zaɓi wuri 12: huɗu a fuskar da ke kallon kudu, huɗu a ta arewa, huɗu can sama kusa da ƙololuwa. Kowane wuri mun ɗiga fenti a kusurwoyinsa, ɗigo ƙarami, muka ba shi lamba, muka ɗauki hoto daga sama. Duk zuwa za mu tsaya a daidai inda muka tsaya yau mu sake ɗauka.

Baba ya zuba mana ido har muka gama, sannan ya ce, "Malam, shekara sittin ina taka wannan ciyawa, ban taɓa ganin wanda ya auna ta ba." Na ce, "Baba, mu ma yau muka fara ganin ta."

Asabar, 16 ga Disamba, 2023

Hunturu ya kankama. Da muka iso hannu ba ya iya riƙe biro, hazo ya rufe gari, Jos ta ɓace gaba ɗaya. Na ɗora ma'aunin zafi a kan dutse da safe, na sake ɗorawa bayan azahar a fuskar kudu. Da safe dutsen kamar ƙanƙara, da rana ba ka iya barin tafin hannunka a kai. Fuskar arewa kuwa tana cikin inuwa har wajen ƙarfe goma. A wannan wata rana tana karkata kudu, shi ya sa. Idan Yuni ya zo lamarin zai juya.

Ɗaya daga cikin yaran ya yi tambayar da na ji daɗinta: me ya hana tsirran nan tsawo? Ya karanta cewa a manyan duwatsun gabashin Afirka, irin su Dutsen Kenya da Kilimanjaro, sanyi ne ke tsayar da bishiya. Gaskiya ne. Can idan ka wuce mita 3,000 da ɗoriya daji yana ƙarewa, raɓa tana daskarewa kusan kowane dare, rana ta fito ta narkar. Wani masani ɗan Suwidin, Olov Hedberg, ya siffanta wurin da cewa kullum rana bazara ce, kullum dare hunturu. Tsiron da ya kwanta ya dunƙule yana samun ɗumin ƙasa, iska ta wuce ta kansa.

Mu a Najeriya ba mu da dutsen da ya kai can. Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsawo, mita 2,419 ne. Abin da ya hana bishiya tsayawa a falalen Shere ƙishirwa ce da rashin ƙasa. Ruwan sama a Jos yana kai wajen milimita 1,400 a shekara, amma dutse ba ya sha. Ana ɗauke ruwa, cikin awa ɗaya ya gangare, falale ya bushe ƙayau. Tsiron da ke nan yana zaune cikin ƙaramar hamada a tsakiyar ƙasa mai ruwa. Dalili ya bambanta, amma dabarar ta zo ɗaya da ta can: a kwanta, a matsu da juna, a riƙe ɗan abin da aka samu.

Asabar, 27 ga Janairu, 2024

Wuta ta ci mana wuri uku: lamba 2, da 3, da 7. Tun daga hanya muka hango baƙin. Baba ya ce kwana biyar ke nan, daga ƙasa ta taso, iska ta kora ta sama. Ko masu farauta ne ko masu neman sabon toho don dabbobi, duk ɗaya ne ga ciyawar. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zauna a gefen lamba 3 na daɗe ban ce komai ba.

Sai dai ƙunar ta buɗe mana abin da ganye ya rufe. Ƙarƙashin kowane tushe akwai ɗan kututture baƙi, wanda saiwoyi da gindin tsofaffin ganye suka naɗe shi suka yi masa riga. Tsakanin kututturan akwai baƙar ƙasa mai laushi, mara nauyi, kamar garin gawayi. Mun soka siririyar wayar ƙafar keke a hankali don mu ji inda dutse yake. A bakin tabarma ko gaɓar yatsa ba ta nutse ba. A tsakiya ta shige kusan taƙi guda.

Wannan ƙasa ba wanda ya kawo ta. Ciyawar ce ta tara abarta. Ganye ya mutu ya ruɓe a wurin, dutse ya ɗan marmashe, sannan ƙura. Hazon da muke kuka da shi, wanda ke fasa mana leɓe da dunduniya, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, inda tsohon tafki ya ƙafe. Idan ya sauka a tsuran dutse, ruwan farko zai wanke shi. Idan ya sauka cikin tabarma, ya zauna ke nan. Na ce wa yaran su duba tafin hannunsu: wannan baƙin da ya shafe su akwai ƙasar Chadi a ciki, ta shekaru masu yawa. Masu binciken irin waɗannan duwatsu a Afirka ta Yamma sun nuna cewa tabarma ɗaya tana iya kai ɗaruruwan shekaru.

Har dutsen kansa ba tsirara yake ba. Wannan duhun da muke ɗauka launinsa ne, wasu halittu ne ƙanana da ido ba ya rarrabe su, masu haɗa abincinsu da hasken rana, suka lulluɓe shi kamar fenti. Inda aka fasa dutse sabo za ka ga ainihin launinsa, fari-fari da ɗigon baƙi. Dutsen giranit ne da ya haura shekara miliyan 150, kuma daga irinsa kuzar da ta tara mutane a Jos ta fito.

Baba ya kankare wani kututture da farce a lamba 2, ya nuna mini cikinsa. Bai ƙone ba. Ya ce, "Kada ka yi mata makoki tukuna, Malam. Bari ruwa ya zo."

Asabar, 2 ga Maris, 2024

Zafi. Komai ya bushe ƙurmus, idan ka taka sai ka ji ƙaras-ƙaras. Mun ɗauki hotuna mun sauko da wuri. A bakin hanya na sami wani yanki na tabarma da kofaton shanu ya ɓamɓare, girman faranti. Na sa shi a jaka. Yaran biyu sun haɗa baki cewa mataccen abu ne, ko akuya ba za ta kalle shi ba.

Alhamis, 7 ga Maris, 2024

Ba mu hau dutse ba, a gida nake rubutu. Ranar Lahadi da magariba na ɗora yankin nan a tsohon tire na zuba masa ruwan rijiya har ya jiƙe sharkaf. Da safe ganyen da ke naɗe kamar tsinken tsintsiya ya warware, ya yi laushi, amma launinsa yana nan ruwan ƙasa. Ranar Talata gindin ganyen ya fara canjawa. Yau kore ne. Ba sabon toho ba, wannan ganyen dai da muka ce ya mutu, shi ne ya dawo.

Na san da labarin a takarda. Tun 1961 wani masani mai suna Hambler, wanda ya yi aiki a kan duwatsun yammacin Najeriya, ya buga bayanin wannan ciyawa a mujallar Nature. Amma gani ya kori ji. Na kira yaran suka zo, na kira maƙwabcina, uwargida ta bar girki ta leƙo. Ɗayan yaran ya durƙusa yana taɓa ganyen yana cewa "Ikon Allah", ya maimaita ya fi sau biyar.

Yadda abin yake: yawancin tsirrai idan suka rasa ruwan jikinsu da yawa, ƙwayoyin halittarsu suna fashewa, shi ke nan. Wannan kuwa tana barin kanta ta bushe kusan gaba ɗaya, da shiri. Tana tara sukari a cikin ƙwayoyin, ya daskare ya riƙe komai a mazauninsa. Sannan ta rushe sinadarin nan kore da ganye ke kama haske da shi, domin idan babu ruwa hasken da ya kama zai koma ya ƙona ta. Ruwa na zuwa sai ta sake gina shi. Shi ya sa warwarewar ke zuwa cikin dare ɗaya, koren kuma sai an yi kwanaki. Wata biyar tana kwance a kan dutsen da ke gasa tafin hannu, ba ta ci ba ta sha, kuma da ranta.

Azumi ya ƙarato. Sai bayan salla za mu koma, in Allah ya kai mu.

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024

An yi ruwa sau uku tun bayan salla. Daga nesa ma dutsen ya canja, kamar an yafa masa koren mayafi a kafaɗa. Wurare tara da wuta ba ta taɓa ba duk sun farfaɗo. Lamba 2 da 7 sun fitar da sabon ganye daga kan kututturan da suka yi baƙi, siriri, kore shar. Baba bai ce komai ba, ya dai kalle ni ya yi murmushi.

Lamba 3 ba ta tashi ba. Ita ce mafi sirantar ƙasa a cikin ukun, wutar ta cinye har ƙasar kanta, domin irin wannan baƙar ƙasa idan ta bushe ci take kamar gawayi. Ruwa ya fara kwashe tokar. Ba za mu cire lambar ba. Za mu ci gaba da ɗaukar hotonta mu ga wa zai fara zuwa.

Na mayar da yankin da na kai gida, na saka shi a wata tsaguwa kusa da inda na tsince shi, na danne gefensa da dutse.

Asabar, 8 ga Yuni, 2024

Yau mun ga ɓarnar da ta fi ta wuta. Ƙasa da lamba 5 akwai wata doguwar tabarma da muke wucewa ta gefenta duk zuwa, ta kai tsawon ɗaki biyu. Babu ita. Ta zame gaba ɗaya ta naɗe a gindin gangara, saiwoyinta a sama. Inda take da, dutse ya fito fari tas kamar tabon ƙuna.

Mun bi sawu mun gane abin da ya faru. Masu hawa dutse don shaƙatawa sun mai da bakinta na sama hanya, domin ta fi tsuran dutse daɗin takawa. Takalmi ya yanke ta daga inda ta kama. Saiwar wannan ciyawa ba ta huda dutse, manne take kawai, tana kama 'yan ƙananan ramuka. Da aka yi ruwa mai ƙarfi ya shiga ta ƙarƙashi, ga nauyin ruwan da ta sha, sai ta tafi. Abin da aka fara tarawa tun kafin a haifi kakan Baba ya sauka cikin dare ɗaya.

Ban ga laifin masu zuwa ba har cikin raina. Ba wanda ya taɓa gaya musu. Ni kaina kafin bara da na taka na wuce. Can ƙasa kuma ana jin guduma, masu fasa dutse suna tara tsakuwa tifa na zuwa tana kwasa, su ma abincinsu suke nema. Amma wanda zai fasa falale sai ya fara ɗaye abin da ke kansa.

Da muka sauko Baba ya kai ni gaisuwa wurin mai unguwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba mu zo hana kowa komai ba. Roƙonmu a nuna wa baƙi su riƙa bin tsuran dutse, su bar koren." Ya saurara, ya ce zai yi magana da samarin da ke raka mutane sama. Na nuna masa hoton tiren nan, na ranar Lahadi da na ranar Alhamis. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, ya miƙa wa na kusa da shi.

Asabar, 17 ga Agusta, 2024

Marka. Sati biyu muna ɗagawa saboda santsi, dutse idan ya jiƙe ya fi sabulu. Yau ma gajimare ya sauko ya rufe mu har ba ka ganin wanda ke gabanka da taku goma. Ba mu kai wurare huɗun sama ba, na hana. Amma ranar ta fi kowace albarka.

Yanzu na fahimci tabarmar ba ita kaɗai take rayuwa ba, gari ce. Tana shan ruwa ta riƙe, sannan ta riƙa sakin sa a hankali ta bakinta na ƙasa, kwana da kwanaki bayan an ɗauke. A wannan ɗan tsiri mai danshi, wanda faɗinsa bai fi tabarmar salla ba, muka kwanta rub da ciki da gilashin ƙara girma. Akwai gansakuka mai laushi kamar karan-miski. Akwai ciyayi 'yan mitsi-mitsi da ba su kai tsawon ashana ba, har sun yi kai sun fitar da iri, domin su duk rayuwarsu 'yan makonni ce, sauran shekara suna kwance a matsayin ƙwaya. Akwai wani mai furanni rawaya, kan furen bai fi ƙwayar gero ba, a kan kara siriri kamar gashi: Utricularia. Wannan ba ya dogara da ƙasa, domin ƙasar ba ta da abin ba shi. Yana da 'yan jakunkuna a cikin laka masu murfi, ƙaramar halittar ruwa na taɓa bakin sai jakar ta zuƙe ta ciki. Tsiro mai farauta, a bayan garinmu. Yaran sun ƙi tashi daga wurin.

A 'yan ramukan da tsakuwa ta taru akwai Cyanotis lanata, ɗan uwan balasana, mai ganye kauri da gashi fari kamar auduga. Shi tasa dabarar ajiye ruwa a ganye. A manyan tsagogi, inda ƙasa ta ɗan yi zurfi, nan ne kabar giwa take, da tinya mai farin ƙaro wanda Baba ya gargaɗi yaran kada ya taɓa musu ido. Kowane zurfin ƙasa da mai shi. Da za ka ba ni wayar keken nan ka rufe mini ido, in soka in ji zurfin, ina jin zan iya faɗa maka wanda ke zaune a wurin.

Mun ga kashin rema a bakin wani kogo, ciyawar da ke ƙasa da shi ta fi ta ko'ina duhun kore. Mun kuma ga wasu 'yan jajayen tsuntsaye biyu suna tsince iri a gefen tabarma. Akwai wani irinsu mai jan baya da masana ba su tantance shi ba sai a 1998, kuma a nan tudun Jos aka fara bayyana shi, a irin waɗannan duwatsu yake zama. Masu nazarin tsuntsaye na cibiyar Leventis da ke dajin Amurum, nan kusa, sun yi aiki a kansa sosai. Abincinsa ƙwayar ciyawa ce.

Mun ɗebi samfur kaɗan, ɗaya-ɗaya daga abin da yake da yawa, mun jera a tsakanin tsofaffin jaridu mun danne da katako. Wanda muka ga guda ɗaya tak mun bar shi, hoto ya isa.

Wani abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da dare na buɗe littafin sunayen tsirrai na Hausa da Dalziel ya tattara a 1916. Bishiyoyi da magunguna da ciyawar dabbobi duk ga sunayensu, domin mutane suna amfani da su. Waɗannan 'yan ƙanana na kan dutse kuwa, duk wanda na tambaya a gari sai ya ce ciyawa ce. Baba yana da sunayen wasu da harshensa. Na roƙe shi zuwa na gaba mu zauna ya faɗa ina rubutawa, kowane suna a gefen hotonsa.

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Ruwa yana janyewa. Mun kai sama. Fentin kusurwa biyu a lamba 10 ya goge, mun sabunta. Mun zauna da Baba a inuwar dutse awa biyu, na cika shafi uku. Ɗaya daga cikin yaran ya sami gurbin karatu a Zariya, zai tafi ƙarshen wata. Ya ce zai duba ko akwai tabarmar a dutsen Kufena ya aiko mana da hoto.

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Shekara ta zagayo. Jiya da dare na jera hotunan farko da na ƙarshe a kwamfuta, lamba bayan lamba. A wurare taran da ba abin da ya same su, bakin tabarma yana nan inda yake. Na ƙara girman hoton har ya dushe, ina neman inda ta matsa gaba, abin da na gani bai wuce kaurin ɗigon fentinmu ba. Damina guda cur, da duk ruwan da aka yi. Lamba 2 da 7 sun rufe baƙinsu, sai dai sun fi na kusa da su gajarta. A lamba 3 dutsen ya fara yin duhu, kuma a wata 'yar tsaguwa gansakuka ta kama, girman farcen babban yatsa. Tabon da ke ƙasa da lamba 5 yana nan fari.

Yankin da na mayar ya kama. Na ja shi a hankali, ya ƙi tasowa.

Hoto daga sama ba zai nuna mana motsin bakin tabarma ba, ya yi ƙanƙanta. Yau mun canja dabara: a kowane wuri mun sa ɗigo uku a tsuran dutse, santimita 10 daidai daga bakin ciyawar, za mu riƙa aunawa da rula sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta. Mun ƙara wuri na 13 a kan farin tabon. Shugaban makarantarmu ya yarda in kawo 'yan aji biyar su goma a watan Afrilu, sati guda kafin ruwan farko da sati guda bayansa, su gani da idonsu. Kafin nan akwai sharar hanyar wuta a ƙasan fuskar kudu. Baba ya ce a yi ta kafin tsakiyar Disamba, zai nemo samari uku, mu kuma mu zo da fartanya da abin karin kumallo.